Faifan baƙuwar kwamfuta da warwatsewar fayil: tambayoyi da amsoshi daga shago a Aboabo

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a wani ɗan shago a Aboabo, nan Kumasi, kuma bayan La'asar nakan zauna da samari da 'yan mata masu koyon Linux da harkar sadarwa. Yawancinsu laftof ɗaya tal gare su, 'yar gwanjo, an sayo ta a Adum bayan ta gama bauta a Turai. A cikinta suke girka VirtualBox ko KVM su tayar da wata kwamfutar ta gwaji, wani lokaci biyu ko uku. Makon farko komai sumul. Bayan wata biyu sai a dawo mini da ita, ana cewa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi yi mini, na rubuta su kusan yadda ake faɗarsu a bakin shago. Kwamfutar gaske ina kiranta mai masauki, wadda aka tayar a cikinta kuma baƙuwa. Duk ɗan zango ya san irin wannan zama.

Malam, wai ina faifan baƙuwar yake? Ni ban ga an ƙara wani ƙarfe a laftof ɗina ba.

Ba a ƙara ba. Faifan baƙuwa fayil ne guda ɗaya, ƙato, yana zaune a kan faifan mai masauki kamar yadda hoto ko bidiyo suke zaune. In VirtualBox kake amfani da shi, sunan fayil ɗin zai ƙare da .vdi. Na VMware .vmdk ne, na Hyper-V .vhd ko .vhdx, na QEMU da KVM kuma .qcow2 ko ɗanyen fayil da ake kira raw. Ita baƙuwa ba ta san da wannan ba. A ganinta faifai ne na gaske aka ba ta, sai ta yanka shi, ta shimfiɗa nata tsarin jera fayil a kai, NTFS in Windows ce, ext4 in Ubuntu ce.

To ka ga littattafan lissafi sun zama uku. Baƙuwa tana da nata, mai cewa fayil kaza yana gurbi kaza. Shi fayil ɗin .vdi ko .qcow2 yana da tebur a cikinsa, mai cewa wancan gurbin da baƙuwa take nufi, ga inda na ajiye shi a cikina. Mai masauki kuma yana da nasa, mai cewa wannan sashe na ƙaton fayil yana wuri kaza a kan faifan gaske. Kowane littafi yana iya zama a tsare a idon mai shi, alhali a ƙasa kayan a watse suke. Ka riƙe wannan da kyau, domin kusan duk sauran amsoshin daga nan suka fito.

Mece ce ita warwatsewar fayil ɗin, kuma me ya sa take jawo nauyi?

A ce ɗan kasuwa ya sauke huhun goro ɗari a Kejetia, amma babu rumfa ɗaya da za ta ɗauke su duka. Aka sa goma a nan, uku can bayan masu atamfa, bakwai kusa da tashar mota. Ba abin da ya ɓace. Amma ranar lodi, ɗan dako zai sha yawo fiye da yadda zai sha ɗauka. Haka fayil yake idan tsarin jera fayil bai sami fili ɗaya miƙaƙƙe ba, sai ya zuba shi guntu-guntu a inda ya sami wuri.

Akwai wani mataccen faifai da na buɗe na ajiye a kan teburin shago, duk sabon ɗalibi sai na miƙa masa. A ciki akwai faranti mai sheƙi kamar madubi, da wani siririn hannu mai allura a baki. Nakan ce ya tura hannun da yatsa daga tsakiya zuwa gefe, don ya ji a jikinsa cewa tafiya ce ta gaske ake yi. Farantin faifan kwamfutar tebur yana juyawa sau 7,200 a minti, wato sau 120 a sakan, na yawancin laftof kuma sau 5,400 a minti. Kafin a karanta sabon wuri, sai allura ta tashi ta je layin, wannan yana cin milisakan 8 ko 9, sannan ta jira farantin ya kawo mata gurbin, wannan kuma kamar milisakan 4. A taƙaice kowane tsalle yana cin milisakan 12 zuwa 13, don haka faifan ba ya iya wuce tsalle 80 ko makamancin haka a sakan. Idan kuwa allurar ta zauna wuri ɗaya tana karanta abu a jere, faifan nan zai ba ka mega 100 zuwa 150 a sakan, har fiye. Tsallen ne yake cinye lokaci, karatun kansa ba shi da tsada.

To me ya sa fim ɗin da na kwafa ba ya warwatsewa, sai faifan baƙuwa?

Fim ana rubuta shi sau ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, ba a sake taɓa shi. Faifan baƙuwa kullum cikin rubutu yake, nan da can, ƙanana-ƙanana. Kuma yawancinmu idan za mu ƙirƙire shi muna zaɓar nau'in da ke girma a hankali. Ka ce masa giga 50, ya fara da 'yan mega kaɗan, duk lokacin da baƙuwa ta taɓa sabon wuri sai ya roƙi mai masauki ƙarin fili. VirtualBox yana ƙarawa mega 1 a kowane karo, qcow2 kilobait 64, tsohon .vhd mega 2, .vhdx kuma mega 32. Tsakanin roƙo da roƙo kai kana sauke wasu abubuwa daga intanet, Windows yana sabunta kansa, wata baƙuwar ita ma tana girma. Filin da ke maƙwabtaka da fayil ɗin sai wani ya riga shi, dole a ba shi a wani wurin.

Akwai kuma warwatsewa ta biyu wadda mai masauki ba ya gani. Fayil mai girma a hankali yana jera guntaye bisa lokacin da aka rubuta su, ba ruwansa da inda baƙuwa take ganin suna zaune. Gurbi na dubu da na dubu da ɗaya maƙwabta ne a littafin baƙuwa, amma idan an rubuta ɗaya a watan Azumi ɗaya kuma bayan Babbar Sallah, tsakaninsu a cikin fayil ɗin zai iya kai giga goma.

Yaya, ta yaya zan tabbatar warwatsewa ce matsalata?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin a cikin kwamfutoci goma da ake kawo mini da wannan ƙorafi, mafi yawansu ciwonsu daban ne.

Wata yarinya daga Asawase, tana karatu a Tek, wato jami'ar KNUST, ta kawo laftof mai ram giga 4, ram kuwa shi ne ƙwaƙwalwar da kwamfuta take riƙe aikin da take kai. Ta ba baƙuwar Windows giga 3, ta bar wa mai masauki ɗaya. Ta ce wani ya gaya mata ta yi difrag, wato tattara guntayen fayil su koma a jere, ta yi har sau uku, ba canji. Na kara kunnena a jikin laftof ɗin, allura tana ta ƙas-ƙas-ƙas ba hutu, alhali ba abin da muka buɗe. Mai masauki ne ram ya ƙare masa, yake ta kwashe abin da ke cikin ƙwaƙwalwa yana jibgewa a kan faifai yana sake ɗebowa, a kan faifan da baƙuwa ita ma take jira. Na ce mata, ƙanwata, ko shekara za ki yi kina difrag wannan ba zai warke ba. Muka ƙara mata ram, aka wuce wurin.

Don haka fara duba ram. In ya wadata, sai ka ƙirga guntayen. A Linux ka rubuta `filefrag sunan-fayil.qcow2`, zai faɗa maka yanki nawa fayil ɗin ya kasu. A Windows akwai ƙaramar manhaja ta Sysinternals mai suna Contig, `contig -a sunan-fayil.vdi` yana ƙirgawa ba tare da ya taɓa komai ba.

Kada lambar ta firgita ka kafin ka yi rabawa. Fayil mai giga 40 da ya kasu 400, kowane guntu mega 100 ke nan, lafiyarsa ƙalau. Shi ma ext4 ba ya iya yin yanki ɗaya da ya wuce mega 128 a tsarin da aka saba, kuma tun daga Vista manhajar difrag ta Windows ba ta damuwa da guntun da ya wuce mega 64, don tsalle ɗaya a bayan irin wannan dogon karatu ba ya rage komai. Amma a ce fayil ɗin ya kasu 200,000. Kowane guntu ya zama kilobait 200. Karanta giga 40 a jere a kan mega 150 a sakan bai kai minti biyar ba, tsalle 200,000 kuwa, kowanne milisakan 13, ya haura minti arba'in. Nan ne magana ta zama ta gaske.

Wanne ya fi, faifai mai ƙayyadadden girma ko mai girma a hankali?

In faifanka mai faranti ne kuma kana da fili, ɗauki mai ƙayyadadden girma, ka ƙirƙire shi tun faifan mai masauki yana da sarari. Zai kama filinsa gaba ɗaya a rana ɗaya, a jere, kuma tsarin cikinsa zai yi daidai da yadda baƙuwa take gani. A QEMU umarnin shi ne `qemu-img create -f qcow2 -o preallocation=falloc sabo.qcow2 40G`. Kalmar falloc tana kama filin nan take ba tare da an rubuta komai a ciki ba, full kuma tana cika shi da sifiri, tana ɗaukar lokaci. Akwai metadata, wadda ke shirya teburin cikin fayil kawai, ba ta kama fili a kan faifan gaske.

Abin da nake gani kullum shi ne mutum ya ƙirƙiri faifan giga 200 mai girma a hankali don ya ga kyauta ne, a kan laftof mai giga 320. Gara ka zauna ka yi lissafin abin da baƙuwar take buƙata da gaske. Ubuntu ta gwaji giga 25 ya ishe ta, kuma ƙara girma daga baya ya fi rage shi sauƙi nesa ba kusa ba.

Na girka Fedora, baƙuwata ta fi ta abokina nauyi, alhali laftof ɗinmu iri ɗaya ne. Me ya faru?

Mai yiwuwa Btrfs ne, wani tsarin jera fayil na Linux. Tun Fedora 33 a shekarar 2020 shi ne tsarin da ake shimfiɗa wa kwamfutar tebur da laftof in ba ka zaɓi wani ba, openSUSE ma da shi take zuwa. Chris Mason ne ya fara shi a Oracle a 2007, kuma tsari ne mai kyau, ni kaina a kansa nake ajiye takarduna. Sai dai yana da ɗabi'a ɗaya: ba ya rubutu a kan tsohon wuri. In an canza wani ɗan sashe a tsakiyar fayil, sai ya rubuta sabon a wani fili daban, sannan ya gyara littafinsa ya nuna can. Wannan ne yake ba shi damar ɗaukar sinafshot, wato hoton yadda fayiloli suke a wani lokaci don a iya komawa gare shi, cikin ƙiftawar ido, kuma yake kare shi daga rikicewa idan wuta ta ɗauke. Amma ga faifan baƙuwa, wanda aikinsa ke nan sake rubutu a kan tsofaffin wurare dare da rana, kowane ɗan rubutu sabon guntu ne. Ko ka kama fili gaba ɗaya tun farko, ba zai daɗe ba zai daddatse.

Maganin shi ne ka gaya wa Btrfs ya bar wannan ɗabi'a a jakar da kake ajiye faifan baƙi. Ka yi sabuwar jaka, ka rubuta `chattr +C sunan-jaka`, sannan ka kwafo fayil ɗin ciki da `cp --reflink=never`. Kula da kyau, alamar tana aiki ne a kan sabon fayil ko wanda babu komai a cikinsa. Masu sa ta a kan tsohon fayil mai giga 30 su zauna jiran canji, ɓata lokacinsu suke yi. Kuma kwafa za ka yi, in ka matsar da `mv` a cikin faifai ɗaya tsohon fayil ɗin ne dai ya canza ɗaki. Ka duba da `lsattr` ka ga harafin C ya fito.

Abin yana da farashi, kuma ya kamata ka sani kafin ka biya. Fayil mai wannan alama ba ya samun lambar tantancewa da Btrfs yake gane lalacewar bayanai da ita, ba kuma a matse shi. Idan kana ɗaukar sinafshot na wurin da yake zaune, rubutun farko a kan kowane gurbi bayan sinafshot zai koma tsohuwar ɗabi'a. Sannan kada ka yi gaggawar `btrfs filesystem defragment` a kan fayil da ke da sinafshot, domin yana raba tarayyar da ke tsakanin kwafin, fili ya cika maka ba ka san dalili ba. Zaɓin autodefrag ma an yi shi ne don ƙananan fayiloli, bai dace da ƙattin faifan baƙi ba.

ext4, XFS da ZFS fa?

ext4, wanda ya kammala shiga Linux a ƙarshen 2008, da XFS, wanda Silicon Graphics suka ƙera tun shekarun 1990 don manyan fayiloli, dukkansu suna rubutu a kan tsohon wuri, kuma suna ɗan jinkirta rabon fili har su ga yawan abin da za a rubuta. Ga ɗalibi mai laftof ɗaya, kowanne a cikinsu ya wadatar, na farko yana da manhajar difrag `e4defrag`, na biyu `xfs_fsr`. ZFS ɗabi'arsa irin ta Btrfs ce, ba a kashe ta, kuma ba shi da manhajar difrag. Masu Proxmox, wata manhajar tayar da baƙi, da suka zaɓe shi su ba shi ram mai yawa, kada kuma su bari ya cika fiye da kashi 80 cikin ɗari.

In yi difrag daga cikin baƙuwar Windows, zai taimaka?

Sau da yawa ɓarna yake ƙarawa. Baƙuwa tana gyara littafinta ne kawai. Tana ɗauko guntu daga nan ta kai shi wani gurbi da a ganinta babu kowa, shi kuwa fayil mai girma a hankali yana ganin an taɓa sabon wuri, sai ya roƙi ƙarin fili. Ka tashi da safe fayil ya kumbura da giga da yawa, a kan faifan gaske kuma guntayen sun ƙara nisa da juna. In akwai sinafshot abin ya fi muni, don duk guntun da aka matsar sai an rubuta shi a fayil ɗin bambanci, wanda ke ajiye duk abin da ya canza bayan sinafshot. Windows kuma tana yin wannan aiki da kanta mako-mako in ba ka hana ta ba, don haka ka shiga Optimize Drives a cikin baƙuwar ka duba jadawalin.

Inda yake da amfani shi ne faifai mai ƙayyadadden girma, wanda ke jere a kan faifai mai faranti, babu sinafshot. A nan abin da baƙuwa take gani ya yi daidai da gaskiya. In za ka yi gyaran duka, fara da cikin baƙuwa, ka kashe ta, ka gyara fayil ɗin da manhajarsa, sannan ka gama da mai masauki.

To nawa ya riga ya warwatse. Yaya zan yi?

Sake rubuta shi sabo ya fi kowane difrag. Ka kashe baƙuwar gaba ɗaya, kashewa ta gaske. Ka tabbata akwai fili isasshe, domin faifan da ya cika maƙil ba shi da miƙaƙƙen wurin da zai ba ka, shi ya sa difrag na Windows XP yake neman kashi 15 cikin ɗari a sarari kafin ya yi aiki sosai. A QEMU, `qemu-img convert -O qcow2 -o preallocation=falloc tsoho.qcow2 sabo.qcow2` yana karanta faifan bisa jerin da baƙuwa take gani, ya rubuta shi haka, don haka yana gyara warwatsewar ciki da ta waje a tashi ɗaya. Sinafshot ɗin da ke cikin tsohon ba za su biyo sabon ba, ka san da wannan. A VirtualBox, `VBoxManage clonemedium disk tsoho.vdi sabo.vdi --variant Fixed`. Kada ka kwafi .vdi da hannu ka ce za ka haɗa su biyun, kowanne yana da lambar shaida a cikinsa, VirtualBox zai ƙi karɓar biyu masu lamba ɗaya. Ka tayar da baƙuwa a kan sabon, ka yi aiki da ita kwana biyu, sannan ka goge tsohon.

Wani ya ce in na sayi SSD duk wannan magana ta ƙare. Gaskiya ne?

Kusan duka. SSD ba shi da faranti, ba shi da allura, yana amsa buƙatu dubbai goma-goma a sakan inda mai faranti yake amsa tamanin. Duk wanda ya zo mini da 'yan sidi, kuɗin Ghana, a hannu yana tambayar me zai fara saya, bayan ram sai SSD, ko ƙarami ne, ya ajiye faifan baƙi a kai, fina-finai su koma tsohon faifai. Ba a yi masa difrag, rubutun banza ne kawai yake rage masa kwana. Abin da ya rage shi ne Btrfs: fayil mai guntaye dubu ɗaruruwa yana wahalar da mai masauki wajen riƙe lissafi ko a kan SSD, kwafarsa da goge shi suna jan lokaci, don haka alamar C tana nan da amfaninta. In na gwanjo za ka saya, ka sa a buɗe maka CrystalDiskInfo ko `smartctl` a gabanka ka ga yawan rubutun da ya sha.

Sinafshot nawa ya kamata in bari?

Kaɗan, kuma na ɗan lokaci. Kowane sinafshot yana daskarar da fayil ɗin da ake kai, ya buɗe sabo a samansa. In baƙuwa ta nemi gurbi, sai a duba na sama, in babu a sauka na ƙasa, har a kai tushe. Na taɓa ganin goma sha ɗaya a jere a kwamfutar wani ɗalibi, yana ɗaukarsu a matsayin kwafin ajiya. Ba kwafin ajiya ba ne, domin in fayil ɗaya a tsakiya ya lalace, duk na samansa sun tafi. Ka ɗauka kafin gwaji mai haɗari, in ya yi kyau ka haɗe shi.

Na goge giga 10 a cikin baƙuwa, amma fayil ɗin bai ragu ba.

Gogewa a littafin baƙuwa kawai ta faru, ba wanda ya gaya wa mai masauki. A KVM ka sa `discard=unmap` a kan faifan, sannan ka rubuta `fstrim -av` a cikin baƙuwar Linux, saƙon zai sauka har ƙasa. A VirtualBox sai ka cika wuraren da babu kowa da sifiri, `sdelete -z` a Windows ko `zerofree` a Linux, ka kashe baƙuwa, ka yi `VBoxManage modifymedium disk fayil.vdi --compact`. Amma kada ya zama maka al'adar mako-mako. Filin da ka mayar yau gobe baƙuwa za ta sake roƙonsa, kuma a wani wurin za a ba ta.

Zan iya ajiye baƙuwa a faifan waje in riƙa yawo da ita?

Za ka iya, da sharuɗɗa. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai giga 4, shi ya sa VMware yake da zaɓin yanka faifai guntu-guntu. exFAT yana ɗaukar babba, amma ba shi da littafin ko-ta-kwana da NTFS da ext4 suke gyara kansu da shi, waya ta ɗan motsa a tsakiyar rubutu sai ka shiga uku. Ramin USB 2.0 da ƙyar yake wuce mega 35 a sakan, nemi mai launin shuɗi, wato USB 3.0. Sannan da yawa cikin ƙananan faifan waje na zamani nau'in SMR ne, layukansu suna hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi, ƙananan rubutu na nan da can yana durƙusar da su.

Malam, ni Alhaji ne mai shago, tsohuwar manhajar lissafina sai a Windows XP take aiki. Ɗana ya sa mini ita a cikin sabuwar kwamfuta, amma tana jan ƙafa.

Alhaji, naka yana iya zama wani ciwon daban. XP yana fara yankan faifai daga gurbi na 63, kowane gurbi bait 512, wato bait 32,256, lambar da ba ta rabuwa daidai da 4,096. Faifan zamani kuwa da guntaye masu bait 4,096 suke aiki. Sai ya zama kowane rubutu ɗaya na XP yana taka gurbi biyu a ƙasa. Daga Vista aka koma farawa daga gurbi na 2,048, matsalar ta kau. Ana gyarawa da GParted, a matsar da yankin ya zauna daidai kan mega, amma sai an yi kwafi tukuna don wani lokaci XP yakan ƙi tashi bayan haka. Kuma Alhaji, a cire wa baƙuwar nan intanet, Microsoft sun daina kula da XP tun Afrilun 2014.

Wuta tana yawan ɗaukewa a unguwarmu. Akwai abin da ya shafi wannan?

Akwai, kuma ya fi duk abin da na faɗa a sama nauyi a zuciyata. A 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta a Ghana, ya fi tsanani, wani mai shagon magani ya kira ni. Lissafin shagonsa duka yana cikin baƙuwa a kan kwamfutar tebur, babu UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. Yaronsa ya fara matse fayil ɗin don fili ya ƙare, aiki ya kai rabi wuta ta tafi. Da ta dawo fayil ya ƙi buɗewa. Kwafin da muka samu ya yi mako uku. Na zauna da su dare biyu, fitilar caji a kan kanta, yaron yana karanto rasit ɗaya bayan ɗaya daga cikin kwali, maigidan yana shigarwa da yatsa biyu, wasu rasit ɗin tawadarsu ta riga ta koɗe.

Matsewa, haɗe sinafshot da difrag duk ayyuka ne da ke taɓa teburin cikin fayil, yankewarsu a tsakiya ta fi yankewar aikin yau da kullum haɗari. Laftof mai batir mai rai yana da kariya, kwamfutar tebur sai da UPS, kuma a yi kwafi zuwa wani faifan kafin a fara. Akwai kuma saitin da samari suke kunnawa don sauri. A QEMU `cache=unsafe` yana sa a yi watsi da umarnin baƙuwa na cewa a tabbatar rubutu ya sauka kan faifai, ya dace da girka gwaji da za a jefar, bai dace da lissafin shago ba. `cache=none` nake sa wa mutane. A VirtualBox akwai akwatin Use Host I/O Cache, in babu UPS a bar shi a kashe.

In abin ya riga ya faru da .qcow2, kada ka yi ta ƙoƙarin tayar da baƙuwar. Ka kwafi fayil ɗin yadda yake, ka yi `qemu-img check` a kan kwafin. In ya ce guntaye ne suka zube, wannan asarar fili ce kawai, `-r leaks` zai share su. In ya ambaci lalacewa, `-r all` yana iya ceto shi, yana kuma iya ƙarasa shi, don haka a kan kwafi kaɗai ake gwada shi, asalin yana gefe ba a taɓa ba.